Su Sun Ba Da Gashi, Mu Me Za Mu Bayar?

Ranar Alhamis da ta wuce ina zaune bisa tabarmar wanzami a nan Sabo ta Badun, ya jiƙa mini kai yana wasa aska a tafin hannunsa, sai wani yaro ɗan makaranta da ke jiran a zo kansa ya miƙo mana wayarsa, wai mu ga abin mamaki. Hoton waɗansu Turawa ne, maza da mata, an jera su bisa kujeru a bainar jama'a ana yi musu aski tal-kwabo, mutane na ta tafi, waɗansu har da hawaye. Yaron ya ce kuɗi suke tarawa domin masu ciwon dajin jini. Wanzamin nan ya duba, ya sake dubawa, sa'an nan ya ce da ni, "Malam, ashe shekara talatin ke nan ina aikin agaji ban sani ba! To, ina nawa kason?" Wurin ya kaure da dariya.

Ni ma na yi dariyar, amma ba ta kai ciki ba, don kuwa akwai wani abu da ya daɗe yana ci mini rai game da wannan ciwo, kuma yau nake so in amayar da shi a wannan fili.

Bari tukuna in yi wa mai karatu bayanin abin da yaron ya nuna mana, don ba wasan banza ba ne. A ƙasar Ostireliya, wata ƙungiya mai kula da masu sankarar jini ta fara wannan al'ada a 1998, kuma kowace shekara dubban mutane ke shiga. Yadda ake yi shi ne, mutum ya shelanta wa 'yan'uwa da abokan arziki cewa rana kaza zai aske kansa ƙwal, kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa, kuɗin kuma ba aljihunsa za su shiga ba, asusun marasa lafiya za su. A Amurka kuwa, ranar 17 ga Maris na shekarar 2000, waɗansu ma'aikatan inshora suka taru a birnin New York da niyyar su aske kawunansu su tara dala 17,000 domin yara masu ciwon daji, sai ga shi sun tashi da fiye da dala 100,000. Daga nan aka sami gidauniyar da ake kira St. Baldrick's. Har a Afirka ta Kudu ma ƙungiyar yaƙi da ciwon daji ta ƙasar ta ɗauki wannan hanya.

Me ya sa gashi, ba wani abu ba? Dalili shi ne, maganin da ake ɗura wa mai wannan ciwo yana bin duk ƙwayar halittar da ke saurin hayayyafa a jiki yana kashewa, tushen gashi kuwa yana cikinsu. Saboda haka bayan 'yan makonni da fara magani sai gashin kai ya zube, wani har gira. Yakan sake fitowa in an gama, amma kafin nan mara lafiya ya zama abin kallo. To, mai askin nan cewa yake yi da shi, ba kai kaɗai za a kalla ba, a kalle mu tare. Kuma a wurin Bature gashi abin ado ne, musamman mace wadda ta shekara goma tana kiwon nata. Watau abin da ya ba da yana da zafin bayarwa, shi ya sa mutane ke buɗe bakin aljihu.

To, mu fa? Mu faɗa wa juna gaskiya, in wani ya tashi a ƙofar masallacin Sabo ya ce zai aske kansa a ba shi gudummawa, ko kwabo ba zai samu ba, sai dai a ce Allah Ya ba shi lafiya. Dattijon Bahaushe kansa kullum a aske yake, a ƙarƙashin hula kuma yake, ba wanda ya san ranar da gashin ya tafi balle ranar da ya komo. Mata kuwa ba zan ma fara kiran su ga wannan ba, addini da al'ada duk ba su ba da fuska ba, ni kuma ba na neman rigima da iyayenmu mata. Saboda haka masu cewa mu kwaikwayi wannan abu yadda yake, ina ganin ba su san Sabo ba.

Abin da ma ya kamata mu tuna shi ne, haɗa aski da sadaka ba baƙon abu ba ne gare mu, mun riga Bature da shekaru aru-aru. Duk jaririn da aka haifa mana, ran suna wanzami zai zo da zabirarsa ya aske masa gashin da ya zo da shi duniya, kuma duk wanda ya zauna gaban malami ya karanta Risala ya san an so a auna gashin nan a yi sadaka da zinariya ko azurfa daidai nauyinsa. Mu nawa ne muke yi? Rago dai ba a fasawa, goro ba a fasawa, maroƙa ma sai sun tafi da nasu, amma sadakar gashi, wadda ita ce mafi araha a cikinsu duka, ita aka bari ta bi ruwa. Zan komo kan wannan.

Yanzu ga abin da ya hana ni dariya. Shekara biyu da suka wuce, a gidan da nake haya, akwai wani yaro ɗan shekara tara, ɗan wani bawan Allah mai sayar da goro. Yaro mai ƙiriniya, ba ya shiga gida sai ya zo ɗakina ya taɓa rediyo. Sai ya fara zazzaɓi. Aka ce na sauro ne, aka sayo magani a kemis. Ya sauka, ya komo. Aka ce taifod ne. Yaro ya ɗashe, tafin hannunsa ya yi fari fat, ƙafafu na ciwo, ga kaluluwa a wuya da hammata, ga haɓo ba dalili, in ya yi asuwaki dasashi ya yi ta jini. Aka ce shawara ce, aka jiƙa saiwoyi. Da abin ya ƙi, sai tsofaffin gida suka fara ƙus-ƙus, wai ai jinin yaro ba ya ƙarewa haka kawai sai in da mai sha. Har an fara nuna wata tsohuwa da baki, baiwar Allah wadda ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba. Wata huɗu cur aka ɓata a haka kafin a kai shi wani asibiti a nan cikin gari, inda aka ɗebi jini da ɓargo aka auna, aka ce sankarar jini ce.

Likita ya ce kafin a fara magani, da kuma bayan an fara, yaron zai riƙa bukatar ƙarin jini a kai a kai, a kawo mutane. Uban ya ba da nasa. Ƙanen uban ya ba da. Shi ke nan. Uban nan ya bi mu ɗaki ɗaki, ya bi rumfa rumfa, mutumin da ban taɓa ganin ya roƙi kowa ko allura ba. Kowa ya ce Allah Ya sawwaƙe, waɗansu suka ba shi kuɗi, kuma ba laifi, an ba shi da dama. Amma hannu, ba wanda ya miƙa. Da ya zo gare ni ya ce, "Malam, kai da ka yi boko, ka taimake ni," sai na ce masa ina da tafiya Ikko gobe, in na komo za mu je. Tafiyar gaskiya ce, amma da na so da na je asibitin da safe kafin in hau mota. Tsoro ne kawai. Na komo bayan kwana shida na tarar ana zaman makoki. Ban ce jinina ne zai hana ajali ba, ajali ba ya jira, ba ya kuma sauri. Amma ni na san abin da aka roƙe ni, na kuma san abin da na amsa.

Tun daga ran nan na shiga tambayar ma'aikatan lafiya yadda ciwon yake, ga kuma abin da na fahimta. Jini a cikin ɓargo ake yin sa. Iri uku ne ƙwayoyinsa: jajaye masu kai iska ko'ina a jiki, farare masu yaƙi da cuta, da waɗansu ƙanana masu sa jini ya daskare in an ji rauni. Sankarar jini ita ce fararen nan su lalace, su yi ta hayayyafa ba kai ba gindi, har su cika ɓargo su hana sauran wurin zama. Shi ya sa mai ciwon ke ɗashewa, shi ya sa kowace cuta ke kayar da shi, shi ya sa jini ke zuba ba ya tsayawa. Ba maye, ba sammu, kuma ba a ɗaukarsa wurin cin abinci ko gaisawa. Maganin kuwa, da yake mai ƙarfi ne, shi ma yakan danne ɓargon na ɗan lokaci, don haka in babu jinin da za a riƙa tallafa wa jiki da shi, likita ba shi da ikon ci gaba ko da an tara masa kuɗi buhu-buhu. Jajayen ƙwayoyin ana iya ajiye su a sanyi kamar mako biyar zuwa shida. Amma ƙananan nan masu tsayar da zubar jini, kwana biyar kawai suke yi su lalace. Ba abin da za a saya a jibge ba ne, dole sai da mutane a kusa, masu rai, waɗanda in an kira za su zo.

To, wannan shi ne abin da yake mana zafin bayarwa, kamar yadda gashi yake ga Bature. Kuma abin da ya fi ba ni mamaki, mu ba tsoron ganin jini muke yi ba. Wanzamin da ya yi mini aski, shi ne dai ke kafa wa dattawanmu ƙaho a ƙeya da gadon baya, a tsaga, a zuƙe, a zubar a ƙasa, a tura ƙasa a rufe, mutum ya tashi yana miƙa yana cewa jiki ya yi sakayau, har ya biya kuɗi a kai. Na sani za a ce ai wancan mataccen jini ne. Na ji, ba kuma ina kushe ƙaho ba ne. Amma mutumin da ya jure wa aska tsaga goma sha biyu a baya, yaya za a yi ya ce allura ɗaya a hannu ta fi ƙarfinsa?

Na saurari dalilan da mutanenmu ke kawowa, don ni ma na fake da su. Wani ya ce jininsa bai ishe shi ba. Alhali kuwa babban mutum yana ɗauke da kamar lita biyar, abin da ake ɗiba bai kai rabin lita ba, ba a kuma ɗiba sai an auna an ga kana da isasshe, nauyinka ya kai kilo 50, shekarunka sun kai 18. Ruwan jinin yakan komo cikin kwana ɗaya ko biyu, ƙwayoyin cikin 'yan makonni, namiji lafiyayye yana iya bayarwa duk bayan wata uku. Wani ya ce yana rage ƙarfin namiji. Wannan magana ce ta bakin rumfa, ba ta da tushe. Wani ya ce in an ƙara wa mace jininka ta zama 'yar'uwarka kamar ta shayarwa, aure ya haramta. A je a tambayi malamai, ga su nan birjik a Sabo, za su ce jini ba nono ba ne, kuma mafi yawansu sun halatta kyautar jini don ceton rai, sayarwa ce suka hana. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ita ma ta hana cinikin jini, ko da yake kowa ya san akwai masu raɓewa suna wannan sana'a, waɗanda yunwa ce ke kai su, ba su kuma faɗin gaskiyar lafiyarsu. Mu da ƙin bayarwarmu ne muka buɗe musu kasuwa.

Akwai dalili guda wanda ba a faɗa da ƙarfi, shi ne tsoron abin da awo zai tono. Ana gwada jinin mai bayarwa a ga ko yana da cutar ƙanjamau ko ciwon hanta, mutum kuwa ya gwammace kada ya sani. Wannan tsoro na gane shi, ba na kuma yi wa kowa dariya a kai. Sai dai ciwon hanta da ba ka sani ba bai fasa cin ka ba, matarka kuma tana nan kusa da kai.

Na ƙarshe, shi ne wanda ya fi ba ni kunya. Wai in ka bayar ba ka san wa za a sa wa ba, watakila ma ba namu ba ne. Jama'a, ku da kuke zaune a Kurmi, matanku nawa suka haihu a asibitocin garin nan aka ƙara musu jini? Kun tambayi ko na wane ne? Direbobinmu nawa aka kwaso daga hanyar Ikko ko ta Ilori jina-jina, aka ɗaura musu leda biyu, uku, kafin ma 'yan'uwa su sami labari? Jinin nan na ɗaliban jami'a ne, na 'yan coci ne, na Yarbawa da Ibo ne waɗanda ba su san mu ba. Mun sha daga rijiyar da ba mu taɓa yi wa yasa ba.

Kuma kada wani ya ce ai ciwon daji ba shi da magani, jinin ma asara ne. Wannan magana a garin Badun bai kamata a yi ta ba ko kusa. Ka fito daga Sabo ka bi ta Mokola ka hau titin Queen Elizabeth, ga babban asibitin koyarwa na jami'a, UCH, wanda aka buɗe a 1957, tafiyar da ko a ƙafa ana yin ta. A nan ne aka fara rajistar masu ciwon daji ta farko a Nijeriya a 1960. Akwai wani irin daji, dangin sankarar jini, mai kumbura muƙamuƙin yara, wanda wani likita Denis Burkitt ya bayyana a Uganda a 1958, har ciwon ya ci sunansa. A Badun ne wani likita ɗan Kamaru, Victor Anomah Ngu, ya yi aikin magance shi da ƙwayoyi da allurai, aikin da ya sa a 1972 aka haɗa shi da Burkitt da waɗansu aka ba su lambar Lasker, ɗaya daga cikin manyan lambobin aikin likita a Amurka. A 1963 kuma, a nan Badun ɗin dai, aka ɗebi ƙwayoyin wannan ciwo daga jikin wani yaro ɗan shekara 11 aka raya su a ɗakin bincike, har yau masana a ƙasashen duniya suna aiki da zuriyarsu. A Ile-Ife ma, maƙwabtanmu, tun 2003 aka fara ba masu wani nau'in sankarar jini ta manya maganin Glivec kyauta a asibitin koyarwa, mutane da yawa suka koma bakin sana'arsu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu arziki, cikin yara 100 masu ciwon daji fiye da 80 suna warkewa, a ƙasashe irin namu da yawa kuwa ba su kai 30 ba. Ciwon ɗaya ne. Bambancin shi ne zuwa da wuri, da kuɗin magani, da jini. Na farko da na ƙarshe a hannunmu suke, ba sai mun jira Gwamnati ba. Maganar nan kuma ta cewa daji ba ya son ƙarfe, in an yi masa allura tashi yake, ta kai mutane da yawa kabari, ya kamata a bar ta haka nan.

Sabo tun 1916 take. Wani Bature mai bincike, Abner Cohen, ya zauna da iyayenmu a farkon shekarun 1960, ya rubuta littafi a 1969, abin da kuwa ya fi ɗaure masa kai shi ne yadda ake cinikin shanu da goro na maƙudan kuɗi bisa amana, mai shanu ya taho daga Arewa ya sauka wurin maigida, a sayar wa mahauta bashi, ba takarda ba lauya, kuɗi kuma su fito. Har gobe a bakin titin Sabo ana canjin kuɗin ƙasashen waje da kalmar baka. Unguwar da ta iya riƙe wannan, yaya za a ce ta kasa riƙe littafi guda na sunayen masu ba da jini?

Abin da nake roƙo ke nan, ba wani abu mai tsawo ba. Sarki da limamai da masu gidaje su sa baki, a sami rana guda, a gayyato ma'aikatan bankin jini su zo har unguwa, ko kuwa mu mu je. Kowa ya san rukunin jininsa, a rubuta suna da lambar waya, littafin ya zauna a hannun mutum biyu ko uku amintattu. Ran da wani uba ya shigo da takardar likita, kada ya sake bin rumfa rumfa kamar mai bara, a buɗe littafi kawai a kira mutum biyar. In an yi a Sabo, mutanen Sasa da Ojo da Bodija za su gani, haka na Agege da Idi-Araba da Shagamu. Wanda ya ce yin abu a bainar jama'a riya ce, to, ya je shi kaɗai da sassafe, ba mai hana shi. Amma ni ina ganin in matasa suka ga Alhaji wane da limamin unguwa sun naɗe hannun riga, rabin tsoron ya tafi. Abin da askin Turawan nan ke yi ke nan a zahiri, ciwon da ake ɓoyewa a ɗaka shi ake fitowa da shi tsakar kasuwa.

Batun kuɗi kuwa, ina taka-tsantsan, don mun sha ganin gidauniyar da aka ƙaddamar da kiɗa da maroƙa, aka yi alkawarin dubbai a lasifika, daga baya ko kuɗin hayar kujeru ba a haɗa ba. Gwamnatin Tarayya ta buɗe asusun taimakon masu ciwon daji a 2021, UCH na cikin asibitoci shida da aka fara da su, amma da sankarar mama da ta bakin mahaifa da ta mafitsarar maza aka soma. Saboda haka mai ɗa da ciwon jini kada ya kwanta ya ce an gama masa. A nan ne sadakar gashin jariri za ta yi rana. Suna nawa ake yi a Sabo a wata? In kowane mai jego ya fitar da ita, ya ɗan ƙara bisa nauyin don Allah, aka zuba wuri guda, ana karanta lissafin shiga da fita a masallaci duk ƙarshen wata, ko ba ta sayi magani ba za ta biya kuɗin awon farko da na mota, waɗanda su ne ke sa talaka ya yi wata huɗu yana jiƙa saiwa.

Ni dai na je na ba da nawa, sau uku ke nan yanzu. Ba a kai minti goma sha biyar ana ɗiba ba, aka ba ni lemo na sha, na hau acaba na tafi aiki. Ranar Alhamis ɗin nan da aka gama dariya na faɗa wa mutanen da ke wurin labarin yaron mai goro, wurin ya yi tsit, don da yawansu sun san shi, waɗansu ma an je rumfarsu. Na sayo littafi na 'yan makaranta na ba wanzamin ya sa a zabira, tun da ba wanda ya kai shi ganin kawunan mazan unguwa. Jiya na leƙa, sunaye bakwai ne a ciki, har da yaron mai waya, wanda aka ce ya dakata sai ya cika sha takwas. Shi wanzamin bai rubuta nasa ba tukuna. Na ce, "Baba, kai fa?" Ya ce in ba shi mako guda ya yi shawara, shi allura ce ba ya so.